Baba yana ICU (ɗakin kula da marasa lafiyan da jikinsu ya yi tsanani), sun ce shok ɗin zuciya ne, dan Allah wa zai min bayani

Maman Hanif:
Slm jama'a. Babanmu shekara 5 kenan yana fama da ciwon zuciya, hawan jini ne ya jawo, hoton zuciya na ƙarshe sun ce ƙarfin bugunta ya dawo kashi 20. Mun saba da kumburin ƙafa da haki in ya kwanta, amma ranar Talata abin daban ne, hannu da ƙafa suka yi sanyi ƙalau, ga zufa, ga amai, wuni guda ba fitsarin kirki duk da ya sha Lasix ɗinsa (maganin fitar da ruwa ta fitsari), sai barci yake yana magana ba kan gado. Mai kemis ɗin layinmu ya auna jini 85/60 ya ce a sa masa ledar ruwa, yayana ya ƙi muka tafi asibiti. Yanzu likita ya ce kadiyojenik shok ne kuma sun tsayar da carvedilol, maganin da aka ce mana kar ya kuskura ya bari. Wlh kaina ya ɗaure.

Nas Bilki:
Wslm 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Yayanku ya kyauta da ya hana ruwan nan. Jininsa ba don ya rasa ruwa ya sauka ba, zuciyar ce ta gaza turawa, ruwa kam ya ma yi masa yawa a jiki, in aka ƙara sai ya taru a huhu numfashi ya gagara.

Lafiyayyar zuciya tana tura kashi 55 zuwa 70 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, tasa 20, da ma da ƙyar take riƙe da shi. To in wani abu ya ƙaru, zazzaɓi ko ciwon huhu ko bugun ya rikice, sai ta kasa kai jini ƙoda da ƙwaƙwalwa da hanji, shi ne rashin fitsarin da ruɗewar da aman da kuka gani. Jiki kuma sai ya matse jijiyoyin fata don ya tanada wa manyan gaɓoɓi jini, sanyin hannun kenan. Abin da ke ci min rai da masu tsohon ciwo shi ne abin yana zuwa a hankali, da ma jininsu ƙasa-ƙasa yake, sai iyali su ɗauka gajiya ce ko maleriya har ƙoda ta taɓu.

Shi carvedilol rage wa zuciya gudu yake don ta huta, yana da amfani sosai in mutum na zaune lafiya, amma a wannan halin ƙarfi ake nema mata, shi ya sa ake dakatar da shi a sa irin su dobutamine ko noradrenaline ta jijiya. In ya farfaɗo su za su mayar da shi kaɗan-kaɗan.

Abu Sadik:
Hajiya ki duba ko ya sha maganin ciwon jiki kwanan nan. Matata zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa, ta samu sauƙi sosai, sai ciwon baya ya sa ta sha diclofenac na sati guda ba mu sani ba ashe yana riƙe gishiri da ruwa yana wahalar da ƙoda, kwana 9 muka yi a asibiti. Tun lokacin ko kanwa ba ta shiga tukunyarmu, saboda gishirin da ke cikinta.

Maman Hanif:
Innalillahi, Malam kamar ka sani, akwai ibuprofen, ɗan uwan diclofenac ɗin, a ɗakinsa na ciwon gwiwa. Yanzu zan kira yayana ya faɗa wa likita. Anti Bilki to ya zan gane yana samun sauƙi, ba sa bari mu daɗe a ciki.

Nas Bilki:
Eh a faɗa musu, da duk wani na gargajiya in yana sha. In kin shiga ki taɓa ƙafarsa ki ji ko ta fara ɗumi, ki kalli jakar fitsari ko tana taruwa, sannan ko yana gane ki. Ki tambayi likita sakamakon ƙoda da na lactate (gwajin jini da ke nuna ko jini na isa gaɓoɓi yadda ya kamata), da kuma ko sun fara rage maganin da ake sa masa ta jijiya. Ba zan ɓoye miki ba ciwo ne mai hatsari, ki nemi babban likitan ya zauna da ku ya faɗa muku gsky inda ake.

Maman Hanif:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Ƙarfe 4 za su bar ni na shiga, zan duba jakar.