Musayar waƙa: Slavicek, mai zanen karkarar ƙasar Cek

Baban Ummi:
Salam jama'a, wannan satin ni ke da buɗe fage, na ɗauko wani bature mai zane ɗan ƙasar Cek sunansa Antonin Slavicek, jiya da dare na ci karo da zanensa a waya har bacci ya gudu. Amsa-amo "ya" ne, kowa ya kiyaye.

A birnin Prag aka haifi yaro,
1870, mu faro tun daga baya.
Ya shiga gidan ibadar fada-fada yana matashi,
Bai daɗe ciki ba ya juya.
Ya je gun Julius Marak malamin zane,
Ya koyi zana daji da gefen hanya.

Anti Bilki:
Baban Ummi ka tsaya daidai inda abin ya fi ciwo, bari in karɓe ka.

1899 malam Marak ya rasu,
Ɗalibi ya riƙe aji ba gajiya.
Kowa na zaton kujerar tasa ce,
Sai manya suka juya masa ƙeya.
Wanda ya share fage daban, mai rawa daban,
Haka nan ya tattara buroshi ya kama tafiya.

Ɗan Kwalisa:
Ni fa Anti ban ga abin kuka ba,
Ƙato ya wuni yana zana bishiya.
Ga wayata nan, in danna sau ɗaya,
In ɗauko miki dajin gaba ɗaya.

Anti Bilki:
Kai yaro ka kiyaye ni, kuma ka saka "ɗaya" sau biyu a baiti guda, wannan ai ragwanci ne.

Malam Sule:
Ku bar shi da ni Hajiya. Ɗana, je ka nemo zanen da ya yi a ƙauyen Kamenicki a 1904 ka zuba masa ido tukuna, ƙauyen talakawa ne a kan tudu mai sanyi, daga 1903 zuwa 1905 can yake zuwa aiki duk lokacin zafi.

Wayarka na ɗaukar abin da ta gani,
Shi kuwa talauci ya zana da idaniya.
Gajimare ya sauko kamar zai danne gari,
Iska na kaɗa itace ba tausaya.
Ga mace ɗaya can tana tafe ita kaɗai,
In ka daɗe kana kallo sai ka ji gajiya.
Fentin ma da kauri ya shafa shi, ba kwalliya.

Baban Ummi:
Malam ka gama magana wallahi. To ya dawo Prag ya koma zana birnin kansa, ya hau tudun Letna a 1908 ya zano garin a shimfiɗe, ya kama babban cocin Vitus kuma, yana tsakiyar ganiyarsa kenan abin ya faru.

Agustan 1909 ya shiga kogi wanka,
Shanyewar ɓarin jiki ta tare hanya.
Hannun dama da ke ci da gida ya mutu,
Ya gwada na hagu, abin ya ƙiya.
Ranar 1 ga Fabrairun 1910 ya harbe kansa,
Shekara 39 kacal a duniya.

Anti Bilki:
Innalillahi, Allah ka raba mu da yanke ƙauna, na kasa baiti a nan gaskiya. Ɗansa Jan dai ya gaje shi a zane, matarsa kuma daga baya ta auri Herbert Masaryk, shi ma mai zane ne, ɗan mutumin da ya zama shugaban ƙasarsu na farko a 1918.

Ɗan Kwalisa:
Malam na nemo zanen na ƙura ido,
Matar nan har yanzu tana bisa hanya.
Na janye maganata rabi, ba duka ba,
Data ta ƙare, sai na sake saya.