Zango Bakwai a Kan Sirdi: Musayar Baitoci Kafin a Rufe Jeri

Baban Ummi, Ƙofar Doka

Assalamu alaikum manajoji. Gobe bayan isha'i na'ura za ta saki zangon farko na babban tseren keke na kakar nan a wasanmu na waya, kuma ƙarfe 12 na daren yau ake rufe jeri da kasuwar mahaya. Mutum takwas kowa zai saka, ba ƙari. Dokarmu tana nan yadda take: wanda zai cika baki, ya cika shi da baiti. Ga hanyar da aka shata wa ayari.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba ƙafa ikon tafiya.
Zango bakwai aka yanka mana,
Biyun farko shimfiɗaɗɗiyar hanya.
Na uku gefen teku za a bi,
Iskar gefe mai raba tarayya.
Na huɗu kowa shi da agogonsa,
Kilomita 32, ba ɗan rakiya.
Na biyar hawa ne da gangara,
Ranar masu ɓallewa tun safiya.
Na shida dutsen Turmale ke jiran ku,
Tsayinsa mita 2,115, ba ƙarya.
Na bakwai dutsen Alp Duwez mai lanƙwasa 21,
A can ake sanin mai rigar rawaya.
To madugai, fili naku ne,
Wanda ya noƙe mu sa masa dariya.

Ɗan Samaru

Shugaba barka, na ji kiranka,
Ɗan Samaru ba ya noƙewa.
Kuɗin kakar nan duk na tattara,
A kan mutum ɗaya na yi juyewa.
Harsashi na raɗa masa suna,
Cinya turmi, ba ta gajiyawa.
Mita 200 na ƙarshe nasa ne,
In ya miƙe kan feda sai tafawa.
Ƙarti uku na jera a gabansa,
Su tsaga iska, ɗai-ɗai suna zamewa.
Ni ban zo neman rawaya ba,
Koriyar rigar mai yawan maki nake hangowa.
Biniyam Girmay ɗan Eritriya,
A 2024 ya yi mata sakawa.
Zango uku ya lashe a Tur, babban tseren Faransa,
Asmara ta kwana ana rawa.
Ku riƙe dutsenku da lanƙwasarku,
Ni biyun farko nake cinyewa.

Malam Mai Faci, Sabon Gari

Ɗana na Samaru, na karanta,
Sannu da ƙoƙari, sannu da cika baki.
Tun kana rarrafe nake ɗaura sarƙa,
Raleigh da Phoenix ni ke musu birki.
Ka kwashi kuɗi ka sayo ingarma,
Ka fito kasuwa ka manta da jaki.
Wa zai koma mota ya karɓo goruna,
Ya cusa shida a riga ya dawo aiki?
In tayar Harsashi ta sace a hanya,
Wa zai ba shi tasa, ya tsaya ba raki?
Mai laɓewa bayan wani iska ba ta dukansa,
Kusan sulusin ƙarfinsa na nan a ciki.
Sannan akwai wa'adi a ranar dutse,
Wanda ya makara an kore shi daga biki.
Koriyar riga sai wanda ya kai ƙarshe,
Turmi ya hau Turmale? Sai mu yi mamaki.
Ni maduguna siriri ne kamar kara,
Gauraka sunansa, ba nama a jiki.
Yara biyar na ba shi su yi masa hidima,
Sai ranar Alp Duwez zan saki doki.

Af, Shugaba, wanda ya zana hanyar nan bai taɓa biyan kuɗin mota ba. Turmale yana tsaunukan Firenis ne ta wajen iyakar Faransa da Sifen, Alp Duwez kuma yana can gabas ta ɓangaren Italiya. A ce yau nan, gobe can? Sai dai a cikin waya.

Maman Hanif, Tudun Wada

Malam da ƙanena, ku ɗan dakata,
Ku bar ni ni ma in sa baki a magana.
Ɗaya na kallon farko, ɗaya na kallon ƙarshe,
Tsakiyar kun bari, a nan kuwa nake kwana.
Duk wanda ya tuƙa keke da hunturu
Daga Kwangila zuwa Shika ya gane zancena.
Iska in ta bugo ta gefen kafaɗa,
Layi karkacewa yake kamar kunyar gona.
Faɗin titi mutum goma zai ɗauka,
Na sha ɗaya iska ta cinye shi da rana.
Gaurakan Malam ba shi da nauyi,
Zai tashi sama kamar ledar bakin kwana.
Minti biyu zai zubar a gefen teku,
Agogo ya ƙara masa biyu, ku lissafa mana.
A Tur na 1989 Lemond Ba'amurke na bin Finyon,
Daƙiƙa 50 a baya, saura zango guda, ku tuna.
Tseren agogo ne zuwa cikin Faris,
Ya biya 50, ya ɗora 8, ya bar Bafaranshe da ƙuna.
Nawa madugun Ma'auni nake ce masa,
Ba ya cin zango, a jimla yake yin suna.

Ɗan Samaru

Anti, ke da Baba ku ƙarata can. Ni Baba nake ba amsa, da amonsa.

Baba, na ji zancen jakin nan,
Amma ni lissafina na maki.
Masu nauyi in an zo dutse
Ba sa rabuwa, sai ka ce 'yan ɗaki.
Su dunƙule a baya, Turawa na ce musu bas,
Su hau a hankali kamar masu kai taki.
In sun yi yawa wa zai kore su duka?
Ko alƙali sai ya sassauta ya saki.

Malam Mai Faci, Sabon Gari

Alƙali mutum ne, yana jin nauyin taro,
Na'ura kuwa, ɗana, ba ta da suruki.

Autan Wusasa

Ni sabon shiga ne, a yi mini uzuri,
Wata biyu ke nan da na fara.
Asusuna bai kai kuɗin takalmin Harsashi ba,
Ragowar kasuwa ce na bi na tara.
Daga ƙofar gidanmu ina kallon Kufena,
Shi ne dutsen da na sani tun muna yara.
Zango na biyar na ƙura wa ido,
Da an ɗaga tuta mutum biyu zan tura.
Su ɓalle su tafi, manya ba za su bi ba,
Wa ke bin ɗan akuya alhali ana jiran kura?
Kowane kan tudu da makinsa,
Ɗai-ɗai zan tsinta kamar mai bara.
Farar riga mai ɗigon ja ta gwanin hawa nake mafarki,
Teklehaimanot ɗan Eritriya ya sa ta a 2015 da ɓallewa da dabara.
Tambayata ga yayyena da iyayena:
In sa su cika ƙarfi tun gobe, ko in jira?

Maman Hanif, Tudun Wada

Auta, matso kusa, jira za ka yi,
Ga kuma abin da za ka gyara.
Kwana huɗun farko ka sa su lallaɓa,
Ƙarfi rabi, su yi ta shan ruwa a gora.
Ka bar su su makara da gangan ma,
Minti goma a baya ba asara.
Na kusa da rawaya ba a barinsa ya tafi,
Na nesa kuwa ko kallo ba a ƙara.
Ka duba ma'aunin gajiya kowane dare,
In ya yi ja ka sassauta wa yara.
Bara na ƙone nawa tun rana ta uku,
A kan dutse aka riƙa tura shi kamar kura.

Alhaji Mai Kofi, Gyallesu

Na yi shiru ina karanta ku,
Mai riƙe da kofi ba ya gaggawar fita.
Hajiya ta ce ba ruwanta da dutse,
Wai tsakiyar tsere kaɗai ce gonarta.
To jiya ƙarfe ɗayan dare na leƙa kasuwa,
Na ga mahaya biyu sun koma hannunta.
'Yan Kolombiya ne, masu huhun tsauni,
Ba don iskar teku aka saye su ba, ku fahimta.
Tana tsorata Malam da zango na uku
Don ya ƙone yaransa wajen toshe rata.
Ranar Turmale ya waiga ba kowa,
Ita kuwa da biyu a gaba suna hura wuta.
Nawa shirin kada a tambaye ni,
Damisa ba ta shelar inda za ta kwanta.

Maman Hanif, Tudun Wada

Alhaji, ashe gadi ka samu a kasuwa?
Ƙarfe ɗayan dare, mutum ba zai huta?
Na saya, ban musa ba, kuɗina ne,
Mai zuwa rafi da tulu biyu ba ta yi wauta.
Iska dai za ta kaɗa ko na saya ko ban saya ba,
Malam ya tambayi hularsa, ya fi ni saninta.

Malam Mai Faci, Sabon Gari

Ku yi haƙuri na jima. Har yanzu ban tashi daga rumfa ba.

Ina zaune da tocila a baki,
Wuta tun la'asar ba ta dawo ba.
Tayar wani ɗan makaranta a cikin kwano,
Ina neman kumfa, ban ga hujin ba.
Yatsa duk gam, gilashin waya a tsage,
Na danna Gauraka sau uku bai buɗe ba.
Na ji Hajiya, na kuma ji Alhaji,
Ban san wanda a cikinku bai yi mini wayo ba.
Amma iska gaskiya ce, na sha ta a hanyar Giwa,
Da buhun masara a baya, ban manta ba.
Ranar sai da na bi gefen wani mai amalanke,
Da ba don shi ba da ban kai gida ba.
Don haka na cire ɗaya cikin masu hawa,
Na sa Buhu, kilo 82, bai taɓa cin komai ba.
Aikinsa ya tsaya ta inda iska ke zuwa,
Gauraka ya laɓe kamar bai zo ba.
Ba wanda zai ga sunansa a allon sakamako,
Ni da na sa shi ba zan ce ban gani ba.
In ya kai mini shi gindin Turmale lafiya,
Ya sauka ya tafi gida, ban hana ba.

Autan Wusasa

Na gode Anti, na mayar da su rabi,
Ko wayo kike wa Baba, ni kin gyara.
Ese Ukpeseraye 'yar Najeriya ma a Olamfik ɗin Faris, 2024,
Da keken aro na Jamusawa ta kara.
In ita ta shiga fili da na aro,
Ni da ragowar kasuwa ba zan ji kunyar tsara.

Baban Ummi, Ƙofar Doka

Saura minti 40. Ina tuna muku, canza jeri bai isa ba sai an danna maɓallin ajiyewa. Kakar da ta wuce mutum biyu a cikinmu sun shiga dutse da jerin tseren da ya gabata, ba sai na kira suna ba, ɗayansu yana riƙe da tocila a baki yanzu haka. Tunda kowa ya faɗi nasa in ban da Alhaji, ga nawa hasashen.

Tun 1903 ake Tur a Faransa,
Sai 1919 aka ɗinka rigar rawaya.
Ba yawan cin zango ke ba da ita ba,
Ƙarancin lokaci ne in an haɗa gaba ɗaya.
Biyun farko na ba Harsashi in bai faɗi ba,
Na uku na bar wa iska, ita ce sarauniya.
Agogo na Hajiya ne, ba gardama,
Na biyar, Auta, Allah ya kai ka lafiya.
Duwatsun nan biyu ban sa hannu ba,
Shirun nan na Alhaji yana da ƙaya.

Ɗan Samaru

Na koma na duba Harsashi da kyau,
Hawan dutse 54 cikin 100, na ja tsaki.
Ukun da na jera masa duk turame ne,
Ba mai ja shi a tudu ko kai masa ruwa baki.
Saura minti 19 a rufe kasuwa,
Baba Malam, don Allah, akwai ragowar jaki?

Malam Mai Faci, Sabon Gari

Akwai, ɗana, wanda na cire ɗazu,
Yana kasuwa, na rataya masa lamba a jiki.
Da na kai shi 40,000 na rubuta,
Yanzu 80,000 ne, har da kuɗin cika baki.

Ka hanzarta, cajina saura 4.