RSI na nuna kasuwa ta gaji, farashi kuma sai ƙara hawa yake

Assalamu alaikum. Zinare nake ciniki a manhajar MT5, kuma saɓanin farashi da RSI, wato ma'aunin ƙarfin hawa da saukar farashi, ya hana ni sakat.

A jadawalin farashi na awa ɗaya, farashi zai haura ya wuce ƙololuwarsa ta baya, amma RSI mai saitin 14, wanda a hawan farko ya zarce 70 (alamar saye ya yi yawa), sai ya maƙale wajen 65. Ganin wannan saɓanin, sai in sayar. Farashi ya ɗan sauko kamar zai juya, sai ya sake tashi ya share iyakar asarata (farashin da na saita cinikin ya rufe kansa don rage asara), RSI kuma ya nuna wani saɓanin a sama. Abin ya fi muni idan kasuwar New York ta buɗe.

Na haɗa da MACD, wani ma'aunin da gittawar layukansa biyu ke nuna alamar juyawar farashi, a saitin 12, 26, 9. Kafin layukansa su gitta, saukowar ta yi nisa. Na koma jadawalin awa huɗu, sai alamar ta yi wuyar samu. Faɗaɗa iyakar asara kuwa asarar kawai ya ƙara mini.

Don Allah, bayan saɓanin ya bayyana, wace shaida kuke jira daga farashin kansa kafin ku sayar?