Masu HND (babbar difloma) da suka nemi shiga jami'a, sunaye sun fito?

Ɗan Aboabo:
Salam jama'a. Na gama HND a Kumasi, na sayi fom na neman top-up zuwa digiri, har yanzu shiru kake ji, kullum ina buɗe portal kamar mai duba tukunya a kan wuta, Hajiyarmu ma ta gaji da tambaya. Wa ya samu nasa?

Baba Asawase:
Kai ɗan'uwa kwantar da hankali. Ba a sakin sunaye lokaci ɗaya, kashi kashi ake yi. Abin da zaka duba shi ne transkirif ɗinka, wato takardar makin duk kwasa-kwasan da ka yi, ka tabbata tsohuwar makarantarka ta tura, galibi nan ake maƙalewa ba a maki ba.

Ummi_Tafo:
Kuma ka sani ko an ɗauke ka ba lallai level 300 (shekara ta uku) ba, wasu 200 ake sa su in kwas ɗin bai yi daidai da na baya ba. Ni ina taya yayata a shago a kasuwar Kejetia, kafin la'asar na manta da waya gaba ɗaya, in ka zauna gida tunani zai cinye ka wallahi.

Ɗan Aboabo:
200 kuma?? To Allah ya sa mu ji alheri. Gobe da sassafe zan je in bi sawun transkirif ɗin.