Wane fenti ya dace da Class 37 mai jan kwal?

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina haɗa ɗan layin dogo na kan tebur a ma'aunin OO (ɗaya daga ma'aunan girman jiragen kwaikwayo), kwaikwayon kudancin Wales lokacin da ake ɗibar kwal da jirgi. Taragun HAA, na ɗaukar kwal, sun samu, saura kan jirgi. Raina ya kwanta da Class 37, kan jirgin dizal na Birtaniya, amma fentinsa kala-kala ne, na rasa na ɗauka. Koren nan na farko shi ya fi burge ni. Me kuka gani?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kafin a zo maganar launi, wace shekara kake kwaikwaya? Kan jirgin nan ya daɗe a duniya. Kamfanin English Electric ya ƙera guda 309 daga 1960 zuwa 1965, wasu a Newton-le-Willows, wasu a Darlington, injin dizal mai ƙarfin doki 1,750, ƙafafu goma sha biyu. Har yau wasunsu na bakin aiki. Abin da ya haura shekara sittin yana aiki ai ba riga ɗaya ya sa ba.

Sadiq: Wajajen 1989 nake so, Malam.

Malam Habu: To kore ya fita ke nan. Kore rigar haihuwarsu ce, lokacin lambarsu tana farawa da D, daga D6700. Ƙarshen shekarun 1960 aka shiga mayar da su shuɗi da goshi rawaya, wajen 1974 kuma aka sake musu lamba mai farawa da 37. Ga kuma zancen birki. An ƙera su da birki mai zuƙe iska, taragun HAA kuwa birkinsu mai matsa iska ne, sai daga baya aka riƙa ƙara wa kawunan na biyun. Wanda ya san harkar, da ya ga kore gaban HAA a 1989 zai yi murmushi.

Injiniya Rabi: Sadiq, in dai 1989 ne kuma kwal, nemi mai toka uku. A Oktoban 1987 sashen dakon kaya na British Rail, hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta lokacin, ya fito da shi: rufi toka mai duhu, saman jiki toka tsaka-tsaki, ƙasa toka mai haske. Abin da ke bambanta su shi ne babban tambarin gefe, don kowane irin kaya da nasa. Na kwal baƙaƙen lu'ulu'u ne a kan rawaya. Na man fetur igiyar ruwa ce shuɗi da rawaya, na ƙarafa layuka masu kusurwa kamar kan kibiya, na kayan gini 'yan murabba'ai, na rarraba kaya jajayen lu'ulu'u. A hoton talla duk toka ne, sai ka ƙura ido, kada ka ɗauko na man fetur ka ɗaura masa kwal.

Sannan ka duba ɗan allon ƙarfen da ke gefen ɗakin direba, shi ke nuna garejin da kan jirgin yake kwana. Naka akuya ya kamata ya ɗauka, alamar garejin Canton da ke Cardiff. Farar fure ta Tinsley ce, tsuntsu mai kamun kifi na Thornaby. Ni abin da ya sa nake son zamanin ke nan, kowane gareji da tinƙahonsa.

Kabiru Z.: Ni dai ban yarda da wannan tsauri ba, Hajiya. Layinsa ne, ɗakinsa ne. In kore ne ke faranta masa rai ya sa kore mana, wa zai ci shi tara? Nawa baƙi da ruwan lemo ne na Loadhaul, kuma duk abin da na ga dama nake ɗaura masa.

Injiniya Rabi: Ba wanda ya hana, Kabiru, amma shi da bakinsa ya ambaci shekara. Naka ma ai 1994 ya fito, lokacin da aka raba dakon kaya gida uku ana shirin sayarwa: Loadhaul, da Mainline mai shuɗi, da Transrail da ya manna babban T a kan tokar da ya tarar. Ba su daɗe ba, 1996 aka haɗe su, sabon kamfanin, EWS, ya zo da ja mai duhu da ratsin ruwan zinare.

Baba Ɗanladi: Yara kuna ta fenti kun manta hanci, wato gaban kan jirgin. Guda 119 na farko akwatin lambar tafiyarsu rabe yake biyu, hagu da dama, da ƙofa a tsakiya. Sauran akwati ɗaya ne a tsakiya. Daga 1976 aka daina nuna lambar tafiya, aka toshe wurin aka bar fitilu biyu. Tsakiyar shekarun 1980 kuma aka kai da yawansu masana'antar jiragen ƙasa ta Crewe aka yi musu garambawul, can aka sami ƙananan rukunonin 37/4 da 37/5 da 37/7, kuma waɗanda hancinsu ke rabe aka shafe shi sumul. Don haka fenti zai iya yin daidai, hanci ya tona asiri. Kai da ke son kwal, 37/7 ka nema. An ƙara musu nauyi har tan 120 don ƙafa ta kama ƙarfe sosai, kuma su ne suka riƙa jan HAA zuwa tashar wutar lantarki ta Aberthaw.

Sadiq: Allah ya ƙara girma, Baba. Wane kamfani zan duba?

Baba Ɗanladi: A OO akwai Bachmann da Accurascale, sababbin ƙirarsu duka sun kula da bambancin hanci. Hornby na da mai sauƙi ga mai farawa. Masu ƙaramin ma'aunin N su duba Graham Farish, masu babban O kuma Heljan. Ni dai lamba nake fara zaɓa, in nemo hotonta mai kwanan wata, gefe biyu da gaba, sannan in je saye. In da hali ɗauki mai sauti. Masu sha'awarsu a Birtaniya tarakta suke ce musu saboda gurnanin injin, kuma 37 marar murya rabin 37 ne.

Maryam Fenti: Yaya Sadiq, in ya iso kada ka bar shi yana sheƙi. Tokar ƙasan nan mai haske ba ta jure ƙurar kwal. Ka sa baƙin gari a rufi kewayen mafitar hayaƙi, ƙasa-ƙasa mai ɗan ja a ƙafafu da tankin mai, sannan ka jiƙa buroshi kaɗan ka ja daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke gangarowa da datti daga ramukan shan iska. Gilashin gaba ka bar inda abin share ruwa ke bi da tsabta, ragowar ya ɗan dushe. Ka rufe da fentin kariya marar ƙyalli. Siririn layin ruwan lemo da ke bin gefen rufi kuma kada ka binne shi, gargaɗin wayoyin lantarki ne, a 1989 ya kamata a gan shi.

Kabiru Z.: To shi ke nan, kun ci. Amma Sadiq, in koren na ranka, D6700 na nan an adana shi, mallakar gidan tarihin jiragen ƙasa na York. Sa shi gefe a matsayin baƙo.

Sadiq: Na gode ƙwarai. Toka uku, lu'ulu'un kwal, akuyar Canton. Sai dai teburina tarago goma kawai yake ɗauka. Ba zai yi wa 37/7 kaɗan ba?

Injiniya Rabi: Na gaske yakan ja kusan talatin, amma ba mai ƙirgawa in wutsiyar ta ɓace. Gina gada ko bakin rami a ƙarshen teburin, taragun su riƙa fitowa daga ciki a hankali kamar ana lodi.