Shan mai ya ƙaru tunda sanyi ya shigo, ko ni kaɗai ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Jama'a, tunda hunturu ya kankama tankin da ke kai ni mako guda yanzu da ƙyar yake kwana biyar. Hanyata ba ta canja ba, kai yara makaranta ne in dawo, bai fi kilomita 5 ba. Abin ya dame ni, har na fara zargin tankin na yoyo.

Tsohon direba: Wa'alaikis salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki, gajeriyar tafiyar ce ke cinye miki mai. Inji yana son zafin kusan digiri 90, kafin ya kai nan kuwa kwamfutar motar ƙara masa fetur take yi. Baƙin mai ma kauri yake yi da sanyi, sai injin ya riƙa juyawa da nauyi. Ke kuma allurar zafi ba ta ko ɗaga ba kin kashe motar. Da na fara haɗa aikena duka a fita ɗaya, na ga bambanci.

Wani ɗalibi: Baba ya yi gaskiya. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce a digiri 7 ƙasa da sifili, tafiyar da lita ɗaya ke yi cikin gari tana raguwa da kusan kashi 15 cikin 100 idan aka kwatanta da digiri 25, a gajeriyar tafiya kuma har kashi 24. Nawa kuskuren shi ne barin mota tana sulo minti goma kowace safiya, hita a kunne. Mai na ƙonewa, ko taku ɗaya ba a yi ba. Yanzu daƙiƙa 30 nake ba ta, in ja a hankali, ta fi saurin ɗaukar zafi.

Bakanike: Hajiya, ki sa a auna iskar taya da sassafe. Sanyi na rage ta, taya mai laushi kuma jan mota take yi baya. Jiya aka kawo min wata da irin kukanki, na taɓa tiyon lagireto bayan doguwar tafiya na ji shi ɗumi-ɗumi kawai. Ashe tamostat ne, wato abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi, ya maƙale a buɗe, injin ba ya zafi sam.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. An auna ɗazu, tayoyin baya biyu duk sun yi ƙasa. Malam, yaya zan gane ko tamostat ɗin tawa ma ya maƙale?