Tankin man hayaƙi a ƙaramin jirgin sama na haɗin gida: ina za a ɗaure shi, da waɗanne mahaɗai?

Abba Kawo:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman shawararku kan wani jirgi samfurin RV-6A da ake haɗawa a nan Kaduna, mai injin Lycoming O-360, doki 180. Ana so a sa masa na'urar fitar da farin hayaƙi irin wadda ake gani a wasannin sama. Tankin da ake tunani na lita 20 ne, a ɗaure shi a ma'ajiyar kaya bayan kujeru, tare da famfo mai aiki da batir. Shin wurin ya dace? Wane irin tiyo da mahaɗai za a ratsa da su ta bangon da ya raba injin da mazaunin matuƙi? A ina ake huda salansa? Sannan tunda man hayaƙi na asali sai an yi odarsa daga waje, ko akwai abin da zai maye gurbinsa a kasuwa, kamar man gas ko baƙin mai da aka tace?

Injiniya Garba:
Wa alaikumus salam, Malam Abba. Wannan samfurin ba baƙo ba ne a garin nan, domin a kan tsarinsa aka ƙera Air Beetle, jirage 60 da kamfanin AIEP ya haɗa wa rundunar sojin sama a Kaduna. Don haka akwai tsofaffin hannu da suka san cikinsa.

Kafin a yanka ƙarfe, a fara da sikeli. Litar man hayaƙi tana da nauyin kilo 0.85 ko kusa da haka, lita 20 ke nan kilo 17. Ƙara tanki da famfo da madauri, za ka kai kilo 22. Ma'ajiyar kayan RV-6A tana bayan cibiyar nauyin jirgin da kimanin mita ɗaya. Idan jirgin da matuƙi da fetur kilo 600 ne, kilo 22 ɗin nan zai ja cibiyar baya da santimita 3.5, alhali dukkan tazarar da aka yarje wa jirgin kimanin santimita 20 ce kawai, kuma iyakar baya ta wasan sama ta fi ta tafiya ƙunci. Inda aka fi yin kuskure shi ne a yi lissafi da cikakken fetur kaɗai. Tankunan fetur na wannan jirgi suna gaban fiffike, saboda haka yana shan mai cibiyar tana ƙara komawa baya. Yanayin da ya fi muni shi ne fetur ya yi ƙasa, tankin hayaƙi kuma a cike. Shi za ka lissafa. Jirgin da nauyinsa ya koma baya, sandarsa takan yi sakwa-sakwa a hannu, idan kuma ya shiga juyin faɗuwa fitar da shi yakan yi wuya. Ka kuma tuna nauyin da kamfanin Van's, mai samfurin jirgin, ya ƙayyade don wasan sama laba 1,375 ne, wato kilo 624, kuma man hayaƙin yana ciki. A ganina lita 12 zuwa 15 sun wadatar, a matso da tankin har ya jingina da bayan kujera.

Tankin kansa a yi shi da alminiyam 5052, kauri kamar milimita 1.6, waldar agon, da shamaki ɗaya ko biyu a ciki don kada man ya riƙa tumbatsa gefe zuwa gefe. Jarka ba tanki ba ce. Ɗaurin kuma kada ya tsaya a kan siririn farantin ƙasan ma'ajiyar. A sa madauri biyu na ƙarfe da roba a ƙarƙashinsu, kusoshin jirgi masu lamba AN3 su ratsa har cikin haƙarƙarin jirgin, da farantin ƙarfafawa a baya. Ma'aunin da ake bi shi ne ɗaurin ya jure ninki 9 na nauyin tankin zuwa gaba, wato wajen kilo 200, domin idan aka yi saukar gaggawa tankin nan bayan matuƙi yake. Kafin ka huda ƙasan, buɗe ka duba: sandar da ke sarrafa bindin jirgin ta tsakiya take wucewa.

Bututun numfashin tankin dole ya fita wajen jirgi ta ƙasa, da lanƙwasa ta sama da tankin. Idan ya toshe, famfo zai tsotse tankin ya lotsa. Idan aka bar bakinsa a ciki, juyi ɗaya ya isa ya wanke ma'ajiyar da mai. In za a riƙa kifa jirgin, a sa tiyo mai laushi da nauyi a bakinsa cikin tankin, ya riƙa bin man duk inda ya koma.

Usman Mai Agon:
Injiniya ya gama da tanki, bari in ɗauki mahaɗai, don nan ne ake shigo da kayan famfon gida cikin jirgi. Mahaɗan jirgi, wato AN, bakinsu buɗin digiri 37 ne. Na tagulla da ake sayarwa don firji da tukunyar gas digiri 45 ne. Wasu za su ɗauru da juna har ka ɗauka sun zauna, amma leɓen bai kwanta ba, girgizar injin za ta sa su yoyo ko su tsage. Injin buɗa bakin bututun ma sai na 37.

Daga tanki zuwa famfo a yi AN-6, wato kashi 3 cikin 8 na inci, gajere gwargwadon iko, da matata a tsakani, famfon kuma ya zauna ƙasa da tanki don kada ya ja iska. Daga famfo zuwa gaba AN-4, rubu'in inci, ya isa. A cikin jirgi bututun alminiyam mai laushi ya yi, a kama shi da maƙalai masu roba duk bayan santimita 30 zuwa 40, nesa da wayoyi da igiyoyin tuƙi. A bangon injin a sa mahaɗin ratsa bango AN832 na ƙarfe, ba shuɗin nan na alminiyam ba. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, gobarar injin kuwa ta wuce haka, kuma amfanin bangon shi ne ya tsare wuta. Daga bango zuwa salansa sai tiyon Teflon mai saƙar ƙarfe, a sa masa rigar kariya daga wuta, a bar masa ɗan sassauci saboda injin yana motsi a kan robobinsa.

Inda tiredi mai tsukewa ne, irin NPT na bakin famfo, a shafa man liƙe tiredi, a bar haƙoran farko biyu. Farin tef na masu gyaran famfo ba shi da wuri a nan, ɓarɓashinsa ne ke toshe nozil. A bakin AN kuwa ba a shafa komai.

Nozil na ƙarfe marar tsatsa ake sawa, a bayan ma'aunin zafin hayaƙi, ba gabansa ba, in ba haka ba man zai sanyaya shi ya riƙa ba da karatun ƙarya. A bar wa man aƙalla rabin mita na bututu kafin bakin salansa. Ba ƙonewa ake so ya yi ba, tururi ake so ya zama, sai ya haɗu da iska ya yi fari. Idan nozil ya yi kusa da bakin fita, ɗanyen mai zai fito ya shafe cikin jirgin. Kada a huda kusa da rigar da ke ɗebo iska mai ɗumi daga jikin salansa, domin tsaga a wurin tana nufin iskar guba ta sami hanya. Salansar jirgi siririya ce, ƙarfe marar tsatsa lamba 321, waldarta sai agon da wayar da ta dace. A Panteka akwai gwanayen hannu, amma a kai musu guntun irin ƙarfen su gwada tukuna. Ni dai nozil biyu nake ba da shawara, ɗaya a kowane bututun fita.

Injiniya Hadiza:
Malam Abba, batun mai ba abin sassauci ba ne. Man hayaƙi farin mai ne marar kauri, dangin farafin, irin AeroShell Smoke Oil ko Canopus 13. Tururinsa ba ya kama wuta sai zafi ya haura digiri 140. Na man gas yana kamawa tun wajen 55 zuwa 60, kananzir tun 38. Jirgin da ya yini a rana a watan Maris ko Afrilu a Kaduna, rufinsa gilashi, cikinsa yana iya kaiwa nan. Baƙin mai kuwa ko an tace shi yana ɗauke da ƙurar ƙarfe da sinadarai, zai daskare a nozil, hayaƙinsa kuma guba ne ga matuƙi da 'yan kallo. Tsohon man taransifoma ya fi shi haɗari, saboda wasu suna da sinadarin PCB mai guba. In asalin ya yi wuya, a nemi farin mai mai kauri ISO 10 zuwa 15 marar ƙarin sinadarai, a karanta takardar bayaninsa kafin a saya.

Famfo kuma a duba robar cikinsa. Yawancin famfunan ruwa na bolt 12 robarsu EPDM ce, mai yana kumbura ta. A nemi mai robar Viton ko Buna. Yakan ja amfiya 5 zuwa 8, don haka waya lamba 16 ta jirgi, da fis ko bireka na amfiya 10 nasa shi kaɗai. Makunni biyu: babba a allon gaba mai murfi, ƙarami a kan sandar tuƙi. Na sandar ba zai ɗauki wutar famfo ba, rile zai kunna, a sa dayod a kan nadin rilen don kada ya riƙa ƙara a rediyo. Bayan famfo a sa bawul mai allura na daidaita gudu, sannan bawul mai hana komawa baya kusa da bango. Idan babu shi man zai ci gaba da ɗiga bayan an kashe, zafin salansa kuma ya dafa abin da ya rage a tiyo.

Abba Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Za a rage tankin zuwa lita 15. Saura gwaji: yaya ake tabbatar da shi kafin a tashi, kuma lita nawa a minti ya kamata ya sha?

Injiniya Garba:
Tankin a gwada shi tun yana kan benci. A toshe ƙofofinsa, a hura masa iska kaɗan, kamar ta ruwa mai tsayin santimita 70 a tiyo mai lanƙwasa, a bi kowace walda da ruwan sabulu, a bar shi ya kwana. Kada a jona masa kwamfaresa kai tsaye, zai kumbura shi ya tsinke shamakin ciki.

Bayan an haɗa, a cire tiyo daga nozil a sa a kwalba mai ma'auni, a kunna famfo daƙiƙa 30, a ninka biyu. Ga injin mai doki 180 a fara da lita 2 a minti, kada a wuce 3. Lita 15 ke nan minti 5 zuwa 7, ya ishi wasa guda. Idan cikin jirgin ya dawo jiƙe da mai, gudun ya yi yawa, a rage. A nan na ɗan saba da Malam Usman: nozil biyu suna ba da hayaƙi mai kauri, amma idan ba a raba tiyon daidai tsayi ba, ɗaya zai ƙwace man. In haka ne gara ɗaya da aka daidaita sosai, daga baya a ƙara.

Gwajin ƙasa a yi shi injin ya yi zafi, yana kan gudun da ake gwada magneto (na'urar da ke ba fulogogi wuta) ko sama, hanci yana fuskantar iska, mutum yana tsaye da abin kashe gobara, daƙiƙa 5 kawai. Ba a kunna hayaƙi injin yana salo, wato ƙaramin gudu, domin man zai taru a salansa ya kama da wuta idan aka ba shi totur. A sama ma a kashe hayaƙi kafin a rage totur. A toshe ramukan ƙasan jirgin da na wajen bindi, don iskar cikin jirgi ta fi ta waje rauni, takan tsotso hayaƙin ta baya. A sa na'urar gano iskar guba a allon gaba.

Wannan gyara ne da ya taɓa nauyi da salansa da lantarki, saboda haka a kai wa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, zanensa kafin a fara, a sake auna jirgin a sikeli bayan an gama, a rubuta a littafinsa. Ranar tashi kuma a sanar da hasumiya cewa za a gwada hayaƙi. Sararin Kaduna jiragen horon sojin sama suna amfani da shi, duk wanda ya hango ƙaramin jirgi yana tuƙa hayaƙi zai ɗauka gobara ce.

Usman Mai Agon:
Na yarda da batun raba tiyon, Injiniya, mahaɗin T ɗin sai ya zauna a tsakiya. Ƙari ɗaya: lokacin hunturu a riƙa zuba man ta mazurari mai matata, a rufe duron da kyau, don ƙurar nan tana shiga ko'ina. Nozil kuma a kwance shi duk lokacin canjin man injin, a soke ramin da siririyar waya, a haska fitila a gindinsa a nemi baƙin layin tsaga a jikin salansa.